Jakar da Hanifa Ta Ɗinka Maka

Anacha,
ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Sadiya, ina gaida jikata kuma ƙawata Hanifa. Ina fata kun isa Fatakwal lafiya, kun tarar da gidan yadda aka kwatanta maka, gajiya kuma ta bi lafiya. Allah ya sa kun shiga a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Allah ya sa wannan sabon wurin aiki ya zame maka alheri.

Gaisuwa ta ƙare. Ba labarin gida zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Magana ce da ni, kuma ba mai daɗi ba ce. Na ƙi yin ta a waya don na san halinka. Kafin in kai tsakiya za ka ce, "To Umma, a yi haƙuri," ka sa dariya, ni ma in saki. Takarda kuwa ba a katse ta. Ka sami wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, kuma kada ka miƙa wa Sadiya ka ce ta faɗa maka abin da ke ciki.

Zan tuna maka abin da ya faru ranar Juma'ar da abokanka suka zo yi maka sallama, don na lura kai ka riga ka manta.

Tun ranar da Hanifa ta ji an canza maka wurin aiki ta same ni a ɗaki ta ce, "Hajiya, ina so in yi wa Abba wani abu da zai riƙa tafiya da shi ofis." Na ce me za ki yi masa? Ta ɗan yi tunani, ta ce, "Jakar waya. Kullum wayarsa a hannu take, za ta faɗi." Muka tafi shagon Mama Nkechi, telar nan ta ƙarshen layinmu da take tara mana ƙyallaye. Yarinyar nan ta zazzage buhun gaba ɗaya a ƙasa, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta ajiye, har Mama Nkechi ta tsayar da kekenta tana kallonta. A ƙarshe ta zaɓi wani shuɗin ƙyallen atamfa, wai Abba yana son shuɗi.

Shekararta shida, Nasiru. Kullum in ta dawo daga Islamiyya, ko hijabi ba ta cirewa, sai ta zo ta zauna a gefen ƙafata ta ɗauki allura. In tana ɗinki harshenta a waje yake. Zare ya zame daga kafar allura ban san adadi ba, in na miƙa hannu sai ta juya mini baya ta ce, "A'a, ni zan sa." Ta soke yatsa, ta tsotse jinin a ɓoye don kada in gani in karɓe allurar. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Ta ɗinka maɓalli a bakin jakar. Ta ɗauki jan zare ta yi harafin farko na sunanka, ya fito a karkace kamar zai faɗi. Ta sa ni na rantse ba zan faɗa maka ba.

Ranar Juma'ar kuna zaune a falo da shayi da tsire. Ta sa kayanta na Sallah ba wanda ya ce ta sa. Ta tsaya a bakin ƙofa hannuwa a baya, har sai da uwarta ta ɗan tura ta. Ta zo gabanka ta durƙusa ta ce, "Abba, ga shi."

Ka karɓa da yatsu biyu, ka ɗaga sama, ka juya harshe zuwa Turancin buroka don abokanka su ji daɗi, ka ce, "Wetin bi dis?" Suka kwashe da dariya. Ta ce da ƙaramar murya, "Jakar waya ce." Ka gwada tura wayarka, ba ta shiga ba, dariyar ta ƙaru. Ana cikin haka gwiwar hannun wani ta bugi kofi, shayi ya malalo kan tebur ya nufi wayar. Da me ka goge? Da abin da ke hannunka. Ka goge tas, ka jefa ƙarƙashin tebur, ka ci gaba da labarin motar da za ta kwashe kaya. Ko kallon yarinyar ba ka yi ba.

Ni na kalle ta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka ma da sauƙi. Ta sunkuya ta shiga tsakanin ƙafafun manyan maza, ta ɗauko abinta, ta fita.

Na same ta a bayan duron ruwa tana cuɗa jakar da sabulu. Jan zaren ya zuba, shayi ya kama. Ta ɗago ta ce, "Hajiya, ba ya fita." Sai kuma ta ce, "Mummuna ce, ko?"

Na haifi 'ya'ya, na binne miji, na ga abubuwa iri-iri a garin nan. Amma na daɗe raina bai ɓaci irin na wannan rana ba. Kuma da ka tsaya nan da ban rubuta takarda ba. Washegari, na san Sadiya ce ta yi maka magana, sai ga ka da 'yar tsana a cikin kwali, mai gashi ruwan ɗorawa, daga kasuwa. Hanifa ta ce, "Na gode, Abba," ta ajiye ta ko kwalin ba ta buɗe ba. Ka juyo ka ce mini, "Kin gani Umma, an wuce wurin." Ba a wuce ba! Ita ba ta roƙe ka ka ba ta komai ba. Ita ce ta zo ba ka, kai ka ƙi karɓa. Sannan ranar tafiya, ana loda kaya, ta fito da ledar ƙyallayenta a rungume, ka ce, "Babu wurin shara a motar nan." Akwai wurin tsohuwar fankar da ba ta juyawa, akwai wurin takalmanka da ka daina sawa, ledar da ba ta kai nauyin burodi ba ita ce ba ta da wuri. Ta juyo ta miƙo mini ita. Ga ledar nan na haɗa da wannan takarda na ba direba a tashar motar Upper Iweka. Kada in ji an ce ta ɓace a hanya.

Yanzu bari in faɗa maka nawa kurakuran, don kada ka maimaita su. Amma kada ka ɗauka uzuri nake nema maka. Ba ka da shi.

Na farko a kan jakar nan ne. Da muka zo yanka ƙyallen, da wayata muka auna, wannan 'yar ƙaramar mai madannai. Ko kaɗan bai zo mini ba cewa taka ta ninka ta faɗi. Aikin yarinya bai yi kuskure ba, awon tsohuwa ne ya yi. To ka ji: in yaro zai yi abu, babba ba ya karɓe masa allura, amma shi ke da alhakin awo da yanka. Ka auna da ainihin abin da za a sa a ciki, ka bar sarari ta kowane gefe, don ɗinkin yara yana cin yadi. Abin da ya rage ka bar mata. In layin ya karkace, ya karkace. Kada wani ya farke ya sake ɗinkawa bayan ta yi barcin rana, yara suna gane ɗinkinsu.

Na biyu tsoho ne, tun muna Inugu, a gidan hayarmu na Uwani, kana firamare. Ƙarshen zango aka ce kowane yaro ya kawo aikin hannu. Ka zauna ka ƙera mota da kwalin sabulu, irin dogayen motocin da suke kawo wa mahaifinka shanu daga arewa. Ka yi tayoyi da marafan kwalba, ka yi shanu da laka har da tozo da ƙahoni na tsinken tsintsiya. Ka hana kowa taɓawa. Sai na ga matan gidan duk sun nufi kasuwa, wannan ta sayo wa ɗanta tsintsiya, waccan mafici, wata ma sabulun wanki kawai ta ba nata ya kai wa malama. Na tambaya, aka ce ai haka ake yi, abin da malamai za su iya kaiwa gida shi ke cin maki. Wane irin aikin hannu ne wannan? Hannun wa? Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa, makaranta guda tana koya wa yara su kawo aikin wani su ce nasu ne, a tafa musu. Amma ni ma na bi su. Na ji tsoron a ce ɗan Hausawa ya kawo datti. Na sayo maka mafici mai kyau na kaba, na ce shi za ka kai. Ka ce, "Umma, motata fa?" Na ce a bar ta a gida, ta fi tsaro. Aka ba ka maki mai yawa, ka dawo kana murna. Motar ta zauna a bayan ɗaki har ruwa ya dake ta, shanun suka narke. Ban sake ganin ka ƙera komai ba.

Saboda haka, duk makarantar da za ku sa Hanifa, ranar da aka ce a kawo aikin hannu, abin da hannunta ya yi shi za ta kai. In an ba ta maki kaɗan, a ba ta. Kai ka je ka gaida malamar cikin mutunci, ka ce mata 'yarka ce ta yi da kanta, kuma haka za ta ci gaba da kawowa. Kada ka saya, kada ka bari Sadiya ta saya, kada ka aika da kuɗi a madadinsa.

Na uku a kan yayarka Rakiya ne. Tana ƙarama tana da son ɗinki kamar Hanifa. Wata rana na bar allura a kan tabarma na tashi duba tukunya, ta taka, ta karye a tafin ƙafarta. Sai da aka kai ta asibiti aka tsaga aka ciro. Na tsorata ƙwarai. Maimakon in gyara sakacina, sai na kulle allura da almakashi a akwati na ce ba yaron da zai ƙara taɓawa. Ga ta nan yau da 'ya'yanta, maɓalli in ya cire sai ta hau okada ta kai wa tela. Ni na yi mata haka. Hani ba shi ne tsaro ba. Tsaro shi ne allura ɗaya ake fitarwa, kuma ba a tashi sai an ga ta koma mazauninta. Na sa wa Hanifa wani ɗan matashi a cikin ledar, a jikinsa ake soke allurar. A yi ɗinki da rana, a wuri mai haske, babba yana kusa. Ba a sa allura a baki, ba a gudu da almakashi, ba a ɗinki a kan gado. Ta san duk wannan, ta ma fi ka sani. Kuma ka san halin da Sadiya take ciki. In Allah ya sauke ta lafiya aka sami mai rarrafe, maɓallai da duwatsun ado su koma cikin gwangwani mai murfi, a can sama.

Wannan halin na Sadiya shi ne ma ya fi damuna. Nan da 'yan watanni ba za ta sami lokacin kanta ba, balle na zama da yarinya. A nan Hanifa tana da ni, tana da yaran layi, tana da shagon Mama Nkechi. A can an ce mini bene ne, kowa ya rufe ƙofarsa, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa. Me za ta yi da yininta? Na san amsarka, za ka miƙa mata waya. To ban yarda ba. Yarinyar da ta iya zama ta yi abu da hannunta, kada ka mai da ita mai kallo.

Ba abin wahala nake nema ba. Ka nemi tela a unguwarku, ko cikin 'yan uwanmu Hausawa ko waninsu, ka gaishe shi ka ce ya riƙa tara maka ƙyallaye. Zubarwa suke yi, za su ba ka da murna. Ta iya ɗinka 'yar jaka, ta iya ɗan matashin 'yar tsana, ta cusa masa guntayen yadi. Mun fara 'yar tsana ta tsumma ba mu gama ba, saura hannu ɗaya da ɗankwali, tana cikin ledar. In yaran maƙwabta sun shigo, waɗanda ba su kai ta ba, a huda musu kwali a ba su igiyar takalmi su riƙa zurawa, da haka ita ma ta fara tun tana shekara uku. Wanda ya ɗan girma a yanka masa buhun albasa, a ba shi basilla marar kaifi da zaren ulu, ramukan a buɗe suke, ba ya soke kansa. Marafan kwalba, kwalin ashana, tsohuwar safa, kada a zubar sai an tambaye ta. Gidanku zai ɗan yi tarkace, na sani. Ka haƙura. Ka ba ta kwali ɗaya a lungu ka ce nata ne, ta kwashe kayanta da kanta in ta gama.

Kuma kada ka raina abin. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da hannun da yake kama ƙahon bijimi a kara, kasuwar shanu, da shi yake ɗinke aljihun rigarsa in ya yage a hanya. Basilla da zare ba sa barin jakarsa. Bai taɓa jin hakan ya rage masa girma ba. Ranar da Rakiya ta kai masa wani ƙyalle da ta ɗinka kafin abin da ya same ta, abin da ba shi da kai ba shi da gindi, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Wannan na mene ne, uwata?" Ta ce na goge gilashin ido ne. Mutumin da ba ya sa gilashi! Ya sa a aljihu ya fita da shi kasuwa. Haka ake yi. In ba ka gane abin da yaro ya kawo maka ba, ba ka ɗaga shi sama ka tambayi jama'a. Ka sunkuya ka tambayi mai shi.

Saura kuskurena na ƙarshe, kuma shi ya fi ci mini rai don sabo ne. Ranar Juma'ar nan ina tsaye a bakin labule, na ga komai, na yi shiru. Na ce kada in kunyata ka a gaban abokanka, kai magidanci ne. Na tsare maka mutuncinka na bar na yarinya a ƙarƙashin tebur. Ya kamata in shigo in ce, "Nasiru, ɗauko abin nan." Ban yi ba. Kai kada ka yi irin shiruna. Duk wanda ya yi wa aikin 'yarka dariya a gabanka, ko abokinka ne, ko maigidanka a wurin aiki, ko ni, ka tsayar da shi a nan take. Ba sai da faɗa ba. "Ita ta yi da kanta, kuma ina so," ya isa.

Abin da zai sa ka gane girman abin shi ne wannan. Daga ranar har kuka tafi, Hanifa ba ta sake ɗaukar allura ba. Na fito da ƙyallaye na baza, na ce ƙawata zo ki zura mini zare, idona ba ya gani. Abin da take rige-rigen yi. Ta zo ta zura, ta miƙo mini, ta koma gefe ta naɗe hannu. Na ce ba za ki yi naki ba? Ta ce, "Ban iya ba." Yarinyar da take ture hannuna tana cewa ita za ta yi. Kalmar nan ba daga bakina ta koye ta ba.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce. Ka kira ta, ku biyu, ba a gaban baƙi ba, ba da wasa ba, ba da wata tsaraba a hannu ba. Ka zauna a ƙasa daidai tsawonta ka ce mata da Hausa, "Hanifa, abin da na yi ban kyauta ba. Ki yafe mini." Bakinka ba zai tsage ba. Kada ka ce mata Hajiya ce ta sa ka. In ta yi shiru kada ka matsa mata, kada kuma ka ce ta ɗinka maka wata, wannan sai ranar da ta ga dama. Bayan 'yan kwanaki ka duba cikin rigunanka, wadda maɓallinta ya yi lako-lako, in babu ka tsinke ɗaya da kanka. Ka kai mata ka ce kana neman taimako. Ka zauna a wurin har ta gama, wayarka tana ɗaki. Ko da wane launin zare ta ɗinka, ko ya hau ko ya sauka, rigar nan ita za ka sa ka je masallacin Juma'a.

Na san da ka gama karantawa za ka ɗauki waya ka kira ni. Kada ka kira don ka ba ni haƙuri. Ni duk abin da ka taɓa yi mini tun kana cikin zani, wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe maka duniya da lahira. Wannan kuwa ba nawa ba ne balle in yafe. Mai shi tana nan a gidanka, ɗaki ɗaya ne tsakaninku.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya kare ka daga abokan banza, ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka. Allah ya sauki Sadiya lafiya, ka ce mata ina gode mata, ta san dalili. Allah ya raya Hanifa, ya sa albarka a hannunta, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ka riƙe sallah a kan lokaci.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajiya Asabe